In Umma ba ta iya buɗe shi ba, ba ka gama haɗa shafin ba

Yau ba darasin danna nan danna can na zo da shi ba. Ra'ayi ne, kuma na san wasu daga cikin masu koyon haɗa shafukan intanet ba za su ji daɗinsa ba, musamman waɗanda suke turo mana ayyukansu mu duba. Ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Lokacin dogon yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, autanmu yana aji biyu a jami'a. Zaman gida ya ishe shi, kwana ya ishe shi, kallon ƙwallo ma ya ishe shi. Sai ya aro laftof a wurin wani abokinsa ya fara koyon HTML da CSS a YouTube. Baba in ya wuce ya gan shi sai ya ce, "Kai kullum ido a kan gilashi, wai me kake nema ne?" Shi kuwa sai dai ya yi murmushi. Bayan kamar wata uku ya ce hannunsa ya faɗa, zai haɗa wa Umma shafi, da yake tana sayar da turaren wuta da humra daga gida.

Ranar da ya gama, bayan sallar isha'i muka taru a tsakar gida kan tabarma ya buɗe laftof. Wallahi abin ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Bidiyon hayaƙi yana tashi a baya, hotunan kwalabe suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna da ruwan zinariya a sama. Har Baba sai da ya gyara zaman tabarau ya ce ma sha Allah. Sai Umma ta ce, "To Auta, turo min a wayata in tura wa su Hajiya a guruf ɗinmu." Wayarta ƙaramar Itel ce, gilashin ma ya tsage a kusurwa. Ta danna linkin. Fari fat. Ta jira, ta ɗaga wayar sama kamar yadda muke yi in sabis ya yi ƙasa, har yanzu fari. Can sai ta juyo ta ce, "Ko na taɓa wani abu ne na ɓata?"

Wannan tambayar ce ta sa nake rubutun nan. Ba ta ce aikin bai yi ba. Kanta ta ɗora wa laifi. Haka iyayenmu da yawancin mutanenmu suke yi: in shafi ya ƙi buɗewa ko ya rikita su, sai su ce ai mu ba mu iya waya ba, ai mu ba mu yi boko ba, su ajiye. Alhali laifin na wanda ya haɗa ne.

Da shafin ya buɗe daga baya, rubutun ya fito ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an ja da yatsu biyu. Farashi babu. Inda aka ce a tuntuɓe mu kuma fom ne yana tambayar adireshin imel, a wurin matan da duk cinikinsu da saƙon murya suke yi a WhatsApp. Kafin ta kai ƙasan shafin saƙo ya shigo cewa datarta ta kusa ƙarewa.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: duk ɗalibin da yake koyon wannan sana'a a nan wurinmu, mai duba aikinsa na farko ba malaminsa ba ne, ba kuma abokansa na guruf masu turo alamar wuta da tafi ba. Wayar mahaifiyarsa ce. In babu, wayar goggo, ko ta kaka, ko ta mai shagon bakin layi. In shafin bai buɗe a can cikin sauri ba, in mai wayar bai gane abin da ake so ya yi ba tare da an tsaya a kansa ba, to aiki bai ƙare ba, komai kyansa a laftof.

Ku duba inda matsalar take fitowa. Yawancin darussan da muke koyo da su, mutanen da suka yi su suna zaune ne gaban babban allo, da intanet na gida wanda ba a lissafa masa megabait. Abin da yake burge su shi suke koyarwa, mu kuma mu kwafa. Ɗalibi ya haɗa shafi a laftof, ya gwada a laftof, ya ɗauki hotonsa a laftof ya ɗora a Facebook. Amma wa zai buɗe shafin? Mai Tecno, mai Infinix, mai Itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne yake ƙera su, Transsion na ƙasar Sin. Wasu wayoyin ma Android Go ne a kansu, wanda Google ya yi musamman don wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Yana cikin Keke Napep, rana tana dukan gilashin, sabis yana hawa yana sauka, datar ɗari biyu ya saya. Tun da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kuwa, kowa ya ƙara sa ido a kan abin da yake cinye masa data.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta talakawa kawai, ko kuwa rage wa aiki daraja ne. Tun 2010 wani mai zana shafuka Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya fito da tsarin shafi mai daidaita kansa da girman kowane allo. Tun Yulin 2019 kuma duk sabon shafin da aka buɗe, Google da idon waya yake fara duba shi kafin ya jera shi a sakamakon bincike. Wato ko a inda laftof ya wadata, waya aka sa a gaba. Mu da waya ce kwamfutarmu, ita ce bankinmu, ita ce ajinmu, mu ne za mu mayar da ita baya?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗalibi ya fi kowa sanin zafin wannan abu. Wane ne a cikinku bai taɓa kwana yana fama da fotal ɗin rajista ba? Ka cike fom tun daga sunan kakanka har lambar gida, ka zo dannawa ka tarar madannin ya fita gefen allo, ba ya jawuwa. Ko sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar, ka dawo ka tarar komai ya goge. Ko a ce ka ɗora hoton fasfo, ka ɗora ya ƙi, ba kuma a faɗa maka girman da ake so ba. Ƙarshenta ka hau mota ka je kafe, ka bi layi, ka biya kuɗi don wani ya danna maka abin da ya kamata ka yi a kan gadonka. Kuɗin nan daga aljihun Baba suka fito, ko daga cinikin Umma. To wanda ya haɗa fotal ɗin nan shi ma wata rana ɗalibi ne irinka. Ya koya a babban allo, ya gwada a babban allo, aka biya shi ya tafi. In ba ka canza hanya tun yanzu ba, nan da shekara biyar kai ne wanda 'yan aji ɗaya za su riƙa tsine wa da ƙarfe biyun dare.

Bari mu koma shafin Auta, don gyaran ba wani abu ne mai wuya ba. Da muka zauna washegari, abu na farko da muka gano shi ne bai saka layin da yake gaya wa waya ta daidaita shafi da faɗin allonta ba. Layi ɗaya ne tak a saman shafi:

<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">

In babu shi, waya tana ɗaukar shafin kamar na kwamfuta ne, sai ta matse shi gaba ɗaya ya shiga allonta. Dalilin rubutu kamar gero ke nan.

Amma babban ɓarawon shi ne hotuna, kuma a nan nake so ku tsaya. Auta ya ɗauki kwalaben da wayar abokinsa mai kyakkyawar kyamara, ya ɗora su yadda suke. Hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar. Nasa goma sha biyu ne. Ku yi lissafi: wajen megabait arba'in zuwa hamsin kafin a zo kan bidiyon hayaƙin da yake kunna kansa ba wanda ya tambaye shi. Wato duk matar da Umma ta tura wa linkin, sai ta biya wannan kuɗin kafin ta ga kwalba ɗaya. Ka gayyaci mutum shagonka, ka tare shi a ƙofa ka karɓi kuɗin shiga, sannan ka yi mamakin bai sayi komai ba. Allon waya ba ya buƙatar hoto mai faɗin fiksel dubu huɗu. Ka shiga Squoosh, kyauta ne, a cikin burauza yake aiki har a waya, ka rage faɗin zuwa kamar ɗari takwas, ka mayar da shi WebP. Hoton megabait huɗu sai ya dawo ƙasa da kilobait ɗari biyu, kuma a ido ba za ka ga bambanci ba. Bidiyon kuwa cire shi muka yi. Auta ya ji zafi, kwana uku ya yi yana haɗa shi. Na ce masa ya ajiye a wayarsa ya riƙa kallo.

Sauran ƙanana ne. Rubutu kada ya gaza fiksel 16, wanda shi ne ma girman da burauza take bayarwa in ba ka taɓa ba. Ruwan zinariya a kan fari ba ya karantuwa a rana, ko ga mai lafiyar ido, balle wanda ya haura hamsin. Madanni ya zama babba yadda babban yatsa zai same shi ba tare da ya taɓa na kusa ba, ƙa'idar Google ta ce kamar 48 tsawo da faɗi. In kana tambayar lambar waya a fom, ka sa type="tel" don allon lambobi ya fito kai tsaye.

Fom ɗin imel muka jefar. A madadinsa muka sa koren madanni ɗaya mai kai mutum WhatsApp. Yadda ake yi: wa.me/ sai lambar, a fara da 234, a cire sifilin farko, ba alamar tarawa ba tazara. Shi ke nan. Na san akwai masu ganin shafi ba shi da aji in babu fom. Aji na me, in ba wanda zai cike?

Akwai kuma maganar harshe, wadda take ci min tuwo a ƙwarya. Auta ya rubuta komai da Turanci, har da kalmomin da shi kansa sai da ya duba ƙamus. Na tambaye shi, cikin masu sayen humrar Umma wace ce take ciniki da Turanci? Muka mayar Hausa. A nan wata matsalar ta fito: salon rubutun ƙawa da ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga kalmar ƙamshi harafin farko ya fita daban kamar baƙo a cikin dangi. Kafin ka zaɓi salon rubutu, rubuta "ƙoƙari, ɗaɗɗaya, ɓaɓɓake" da shi ka gani. Noto Sans yana da su duka. Ka kuma tabbata akwai <meta charset="UTF-8"> a sama, in ba haka ba wata rana za ka buɗe ka ga Æ™amshi a maimakon ƙamshi. Sannan ka sa lang="ha" don burauza ta san Hausa ce.

Akwai kayan gwaji, ban hana ba. PageSpeed Insights zai ba ka maki ya nuna maka abin da yake jan shafin. A Chrome na kwamfuta za ka iya rage gudun intanet da gangan ka ga yadda mai raunin sabis yake gani. Ka buɗe da Opera Mini ma, don har yanzu akwai masu amfani da ita saboda tsimin data, kuma tana iya karya wasu abubuwan JavaScript. Duk ka yi. Amma babu ɗaya a cikinsu da zai ce maka "ko na ɓata wani abu ne?" Wannan sai mutum.

Yadda ake gwajin mutum kuwa yana da ladabi. Ka miƙa wa Umma wayarta, ba taka ba. Ka ba ta aiki ɗaya, misali, "Umma, duba min nawa ne ƙaramar kwalba." Daga nan ka rufe bakinka. Wannan shi ne mai wuyar, don hannunka zai riƙa ƙaiƙayi, za ka so ka ce a'a ba nan ba, can sama. Kada ka faɗa, kada ka karɓi wayar. Duk inda ta tsaya tana dube-dube, ka rubuta, nan ne aikinka ya gaza. In ta danna abin da ba madanni ba ne, kai ne ka sa ya yi kama da madanni. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kawai yana fito da mafi yawan matsalolin shafi. Manyan kamfanoni kuɗi suke biya a nemo musu mutanen gwaji. Kai kuwa mutum biyar suna tsakar gidanku kowane dare, har da mai yi maka faɗa kyauta.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min. Za su ce malam, mai ba da aiki ƙyale-ƙyale yake so, in ka kai masa shafi fili ba motsi zai ce ba ka iya ba, ya ba wani. Akwai gaskiya a ciki. Na ga mai shago da ya ƙi biya sai an sa masa tambari yana juyawa. Amma gwada wannan: ka buɗe masa shafin a wayar yaron shagonsa, a gabansa, ku ƙirga daƙiƙu tare. Ɗan kasuwa ba ya wasa da mai saye da ya juya ya tafi. In ya gani da idonsa ya nace, to kuɗinsa ne, ka yi masa, amma ka rage nauyin iya yinka. Wasu kuma za su ce ba kowane shafi ne na Umma ba, akwai wanda ma'aikatan ofis kaɗai za su yi amfani da shi a kwamfuta. Haka ne, ban musa ba. Sai dai ka duba ayyukan da ɗalibi yake fara samu a nan: makarantar unguwa, Islamiyya, shagon atamfa, mai kek, ƙungiyar ɗaliban gari, katin gayyatar biki. Duk masu buɗe su 'yan waya ne.

Wanda kuma yake cewa ba shi da laftof shi ya sa bai fara ba, a wannan gaɓar kam ya fi mai laftof sa'a. Acode da Spck Editor suna Play Store, za ka rubuta HTML da CSS a waya ka ga sakamako nan take. freeCodeCamp da W3Schools kyauta ne. GitHub Pages zai ɗora maka shafi a intanet ba ko sisi. Ba zan yaudare ku ba, rubuta kod da babban yatsa akwai wahala, kuma in tafiya ta yi nisa dole sai an nemi kwamfuta. Amma wanda ya fara a ƙaramin allo ba ya mantawa da ƙaramin allo.

Abu ɗaya da ban hango ba sai Baba ne ya gani. A ƙasan shafin Auta ya sa hoton Umma da jikarta na ranar suna, da cikakken kwatancen gidanmu har da launin ƙofa, wai don mutane su yarda da kayan. Baba ya ce, "Wa ka tambaya kafin ka kai iyalina kasuwa?" Shiru. Gaskiyarsa ne. Hoton da aka ɗauka don dangi, na dangi ne. Shafin intanet ba guruf ɗin gida ba ne, duk wanda ya samu linkin zai gani, zai iya saukewa, kuma in ya fita ba ka da ikon dawo da shi. Masu koyo suna yawan yin wannan, su ɗebi hotunan biki da na ƙannensu su cika aikin gwaji da su, su ɗora a fili. Ku tambaya tukuna, yara ƙanana kuwa ku bar su gaba ɗaya. Muka cire hoton, muka bar sunan unguwa kawai, aka sayi sabon layi aka buɗe masa WhatsApp Business don kada lambar Umma ta gida ta riƙa yawo.

Shafin da ya rage bayan duk wannan aski ba shi da abin nunawa a guruf ɗin masu kod. Shafi ɗaya ne, hotuna shida, kowanne da sunansa da kuɗinsa a ƙasa da manyan baƙaƙe, sai koren madanni. Auta ya ce shi kunya ma yake ji ya ce shi ya yi. Daren da ya sake tura mata, muna zaune a wuri ɗaya, na ce kowa ya yi shiru. Ta danna, ya buɗe kafin ta gyara zama. Ta ja ƙasa a hankali, ta ja sama, ta danna koren ta ga ya kai ta WhatsApp, ta dawo. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta miƙa masa wayar ta ce, "Humrar nan tsohon kuɗi ka sa, an ƙara ɗari biyar tun kafin azumi. Gyara kafin in tura wa su Hajiya."